Tsohon Kiɗa da Sabo: Sharhi a kan Ɗorewar Kiɗan Kuba, Jaz da Waƙoƙin Pop na Da

1. Gabatarwa

Cikin watan Janairu na shekara ta 2022 mujallar The Atlantic ta Amurka ta buga wata maƙala ta Ted Gioia, masanin tarihin kiɗan jaz, wadda a cikinta ya tambaya ko tsohon kiɗa ne ke kashe sabo. Hujjoji biyu ya fi dogara a kansu. Ta farko ƙidaya ce: kamfanin da ke lissafin cinikin waƙoƙi a Amurka ya nuna cewa a shekara ta 2021 kusan kashi 70 cikin 100 na abin da jama'a suka saya ko suka saurara yana cikin rukunin da a ke kira tsofaffin waƙoƙi. Ta biyu kuwa kuɗi ne: manyan kamfanonin faifai sun koma zuba dukiya wajen sayen haƙƙin waƙoƙin dattawan mawaƙa. A ƙarshen 2020 Bob Dylan ya sayar wa kamfanin Universal haƙƙin waƙoƙin da ya tsara a kan kuɗin da jaridu suka ce ya haura dala miliyan 300, bayan shekara guda kuma Bruce Springsteen ya sayar wa Sony nasa a kan wajen dala miliyan 500.

Shi Gioia kamfanoni ya ɗora wa laifi, yana ganin sun daina wahalar neman sababbin mawaƙa da renonsu. Amma da maganar ta bazu sai ta sauya kama, ta zama tabbacin abin da dattawa suka daɗe suna faɗa a ko'ina cikin duniya, watau kiɗan da shi ne kiɗa, na yanzu hayaniya ce. Wannan ra'ayi na biyu shi za mu duba a nan. Za mu ɗauki kiɗan Kuba a matsayin babban misalinmu, domin tarihinsa ya ratsa Afirka ta Yamma, kuma ya nuna a fili yadda kiɗa ke tashe, ya faɗi, ya sake tashi. Jaz da pop za mu kawo su inda suka ƙara haske.

2. Daidaita kalmomi

Rabin gardamar daga kalmomi ya ke tasowa. A Faransanci akwai kalmar classique, wadda a ke liƙa wa aikin da ya daɗe kuma har yanzu a ke nemansa. Masu fassara zuwa Hausa sukan ce "tsohuwar waƙa" ko "waƙar gargajiya", alhali kowace da inda ta dosa. "Tsohuwa" shekaru kawai ta ke nunawa, waƙar da aka manta ma tsohuwa ce. "Gargajiya" kuwa abin da aka gada kaka da kakanni ne, wanda galibi ba a san wanda ya fara shi ba, alhali waƙoƙin da mu ke magana a kansu an san mai su, an san shekararsu, an san kamfanin da ya buga su. Kalmar "bakandamiya", wadda Narambaɗa ya sa ta yi suna, ta fi kusa, sai dai tana nufin waƙar da ta fi fice cikin waƙoƙin mawaƙi guda.

Saboda haka a wannan sharhi za mu ce "waƙa mai ɗorewa", kuma ga ma'aunin da muka sa mata: ita ce waƙar da waɗanda ba a haifa ba lokacin da aka yi ta su ke nema da kansu, ba don an tilasta masu ba. Kishiyarta ita ce "waƙar yayi", wadda ke tafiya tare da yayinta. Da "pop" muna nufin gajerun waƙoƙin kasuwa na Amurka da Ingila waɗanda aka tsara domin rediyo da faifai. Da "jaz" muna nufin kiɗan da baƙar fatar Amurka suka ƙago a birnin New Orleans, wanda aka fara ɗauka a faifai a 1917. "Kiɗan Latin" kuwa ya haɗa na Kuba, Porto Riko, Barazil da maƙwabtansu.

3. Abin da ƙidaya ta faɗa da abin da ba ta faɗa ba

Kashi 70 ɗin nan yana da aibi biyu. Na farko, a lissafin ƴan kasuwar faifai na Amurka duk waƙar da ta wuce wata 18 da fitowa ta shiga rukunin tsofaffi. Ke nan waƙar da aka yi shekara biyu da suka wuce tana zaune a layi ɗaya da ta Louis Armstrong. Wanda ya karanta adadin ya zaci matasa sun koma ga kiɗan kakanninsu ya yi kuskure, domin babban rabo na abin da a ke ƙirgawa waƙoƙin ƴan shekarun nan ne. Jaz baki ɗayansa, tsoho da sabo, wajen kashi 1 cikin 100 ya ke samu a kasuwar Amurka.

Aibi na biyu ya fi na farko nauyi. A zamanin faifan garmaho da kaset, ranar saye kaɗai a ke ƙirgawa. Mutum ya sayi faifai a 1965, ya yi ta juya shi a ɗakinsa shekara talatin, babu littafin kamfani da zai nuna haka. Yanzu da a ke sauraro ta intanet, kowane juyi ana rubuta shi. Tsohon sauraro da ke ɓoye cikin ɗakuna shi ne ya fito fili, ba lalle ba ne ya ƙaru. Wannan kuma shi ya bayyana cinikin Dylan da Springsteen: mai kuɗi ya ga waƙar da ta shekara hamsin tana kawo riba, ya san gobe ma za ta kawo, kamar mai sayen gidan haya a tsakiyar gari. Hukuncin ɗan kasuwa ne a kan hatsarin jari, bai shafi daɗin waƙa ba.

Duk da haka akwai abin da ya rage wanda ba a iya kore shi. Faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue, wanda aka ɗauka cikin zama biyu a watannin Maris da Afrilu na 1959, ya kai kwafi miliyan 5 a Amurka zuwa 2019, kuma galibin masu sayensa na baya ba su ga zamaninsa ba. Irin wannan ɗorewa gaskiya ce, tana bukatar bayani.

4. Tafiyar kiɗan Kuba da dawowarsa

Kiɗan da a ke kira son ya tsiro a gabashin tsibirin Kuba wajen ƙarshen ƙarni na 19, inda jita da tsarin baitoci na Sifaniyawa suka haɗu da ganguna da amshi na bayin da aka kwaso daga Afirka. Ba a hana bauta a Kuba ba sai 1886, don haka abin da aka zo da shi daga wannan nahiya bai riga ya dushe ba. A 1930 ƙungiyar Don Azpiazu, da Antonio Machín a bakin waƙa, ta ɗauki El Manisero a birnin Niyok. Waƙar mai tallar gyaɗa ce, ta Moisés Simons, kuma ita ta buɗe wa kiɗan Kuba ƙofar duniya.

A 1933 kamfanin His Master's Voice na Ingila ya fara fitar da wani jerin faya-fayai masu lamba GV domin kasuwar Afirka, akasarinsu kiɗan Kuba ne. Ta tashoshin jiragen ruwa da kantunan Turawa da gidajen rediyo suka shiga birane. A Kwango, Joseph Kabasele ya kafa African Jazz a 1953, Franco da abokansa suka kafa OK Jazz a 1956. A Gine aka kafa ƙungiyar da ta zama Bembeya Jazz a garin Beyla cikin 1961. Mai nazarin harshe zai lura da wani abu a nan: duk waɗannan sun ɗauki sunan jaz, amma abin da su ke kaɗawa ya fi kusa da na Habana bisa ga na New Orleans. Kalmar ta zo ta sami sabuwar ma'ana, ta zama sunan kowace ƙungiyar zamani mai jita da ƙahonin busa.

Bayan samun ƴancin kai, siyasa ta ƙara wa abin ƙarfi. A 1964 gwamnatin Mali ta tura ɗalibai goma Habana koyon kiɗa, cikinsu har da Boncana Maïga, suka kafa Maravillas de Mali. Ƙungiyar Aragón, wadda aka kafa a Cienfuegos a 1939, mai kiɗan sarewa da goge irin na Turawa, ta yi ta zuwa Afirka tun farkon shekarun 1970. A watan Satumba na 1974 Celia Cruz da makaɗan Fania suka yi wasa a Kinshasa, gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman. A Dakar kuwa aka kafa Orchestra Baobab a 1970. Duk ɗan birnin da ya yi samartaka a wancan zamani a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, daga Dakar har Yamai, ya san wannan kiɗa a rediyo da gidajen rawa.

Sai kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya. Daga ƙarshen shekarun 1970 Youssou N'Dour da tsararsa suka fito da mbalax, wanda aka gina bisa gangunan sabar na Wolof. Matasan Dakar suka ga kiɗan Baobab ya zama na iyaye, gidajen rawa suka daina kiransu, ƙungiyar ta watse a 1987. A Kuba ma haka abin ya kasance. Zuwa shekarun 1990 samarin Habana kiɗan timba su ke rawa da shi, tsofaffin gwanayen son kuwa an ajiye su gefe. Ibrahim Ferrer ya bar waƙa yana goge takalma domin cikon abin masarufi, Rubén González, gwanin fiyano, ba shi da fiyano a gidansa.

A watan Maris na 1996 Nick Gold na kamfanin World Circuit na Landan da Ry Cooder Ba'amurke suka isa Habana da nufin haɗa makaɗan Mali da na Kuba a faifai guda. Ƴan Mali ba su sami isowa ba saboda matsalar takardun tafiya. Maimakon a tashi a banza, Juan de Marcos González ya tattaro dattawan nan, aka yi aikin cikin kwana shida a ɗakin ɗaukar murya na EGREM. Faifan Buena Vista Social Club ya fito a 1997, ya ci lambar Grammy a 1998, Wim Wenders ya yi fim a kansu a 1999, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 8. Wannan kamfani kuma shi ya sake buga tsohon aikin Baobab na 1982, har ƙungiyar ta sake haɗuwa a 2001.

Darussa biyu ke cikin wannan labari. Na farko, kiɗan da yau a ke cewa ba ya tsufa ya taɓa tsufa, masu shi sun yi shekaru ba mai tambayarsu. Da biza ta fito wa ƴan Mali, da wataƙila Ferrer ya mutu ba a san shi ba a wajen Kuba. Na biyu, shahararriyar waƙar faifan, Chan Chan, wadda mutane da yawa ke ɗauka ta zamanin kakanni ce, Compay Segundo ya tsara ta ne cikin shekarun 1980. Abin da kunne ke kira tsoho sau da yawa salo ne, ba shekaru ba.

5. Abin da ke cikin kiɗan kansa

Sa'a da kasuwa ba su isa su bayyana kome ba, domin an sake buga tsofaffin faya-fayai da yawa waɗanda ba su tashi ba. Muna ganin siffofi uku sun taimaki wannan kiɗa.

Ta farko ita ce ƙashin bayansa. Kiɗan son yana tafiya bisa bugu biyar na wasu ƴan sanduna biyu da a ke kira clave, uku sannan biyu, ko biyu sannan uku. Kowane makaɗi, daga mai ganga har mai busa, da wannan ma'auni ya ke daidaita hannunsa. Waƙar kuma kashi biyu ce: baitoci tsararru da farko, sannan sashen montuno, inda jagora ke jefa magana ƴan amshi suna karɓa. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan tsari, shi ne na makaɗan fada da na noma da na ƴan mata a dandali. Amshi yana ba mai sauraro wurin shiga, wanda kuwa ya sa bakinsa cikin waƙa ya fi riƙe ta bisa ga wanda ya ji ta kawai.

Ta biyu ita ce matsin da na'ura ta yi wa mawaƙa. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti yana ɗaukar wajen minti uku ne a kowace fuska, kuma ƙungiya duka a ɗaki ɗaya ta ke kaɗawa lokaci guda, in an yi kuskure a sake daga farko. Dole karin waƙa ya fito sarai tun daga farkonsa, dole makaɗa su kasance sun goge a gaban ƴan rawa dare bayan dare kafin su tunkari na'ura. Dogon faifai bai zo ba sai 1948.

Ta uku, wadda mu ke ganin ta fi sauran, ita ce waƙar tana iya rabuwa da faifanta. Summertime ta George Gershwin, ta 1935, dubban mawaƙa sun maimaita ta, kowa da irin muryarsa. Bésame Mucho ta Consuelo Velázquez, ƴar Meziko, har Beatles sun rera ta a farkon tashinsu. Oye Como Va ta Tito Puente ce, amma a hannun Santana a 1970 duniya ta san ta. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma gaskiya ne, sai dai waƙar da ba ta iya fita daga bakin mai ita tare su ke shiga kabari. Jaz gaba ɗayansa bisa wannan ya ke tsaye: tsohon kari ne a ke ɗauka, kowane makaɗi ya yi masa sabuwar fassara nan take.

6. Matsayin harshe

Akwai wani abin mamaki da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Mafi yawan waɗanda suka so kiɗan Kuba a Afirka ba su jin Sifaniyanci. Mawaƙan farko na Kinshasa da Dakar da kunne su ke kwaikwayon kalmomin, wani lokaci abin da ke fita daga bakinsu ba ya da ma'ana a kowane harshe, amma ƴan rawa ba su damu ba. Haka masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa suka riƙa haddace waƙoƙin Hindi ba tare da sanin abin da su ke faɗa ba. Wannan ya nuna cewa kari da amo suna ƙetare iyaka tun kafin ma'ana ta biyo baya.

Amma a duba abin da ya biyo. Kiɗan bai kafu ya zama na gida ba sai da ya sami harshen gida. Rumbar Kwango ta zama ta Kwango ne da aka koma rera ta da Lingala, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin gadon ɗan Adam a watan Disamba na 2021. Bembeya ta ɗora tarihin Samori Ture da Maninka bisa kayan kiɗan zamani. Baobab ta shigo da mawaƙan Wolof da na Kasamans. A farkon shekarun 1990 Ibrahima Sylla da Boncana Maïga suka kafa Africando, suka haɗa mawaƙan Senegal da makaɗan salsa na Niyok, sai ga waƙar Wolof tana tashe a gidajen rediyon masu jin Sifaniyanci, waɗanda su ma ba su san abin da ta ke faɗa ba. Bashin kunne ya koma inda ya fito.

Abin da za a ɗauka a nan shi ne ɗorewa iri biyu ce. Akwai ɗorewar faifai, inda a ke ci gaba da juya abin da aka ɗauka tun da. Akwai kuma ɗorewar zuriya, inda kiɗa ya shiga wani harshe ya haifi ƴaƴa. Lissafin kamfanoni na farkon kaɗai ya ke gani, alhali na biyun ya fi zurfi.

7. Tankaɗen zamani da son zuciyar mai sauraro

Wanda ya ce kiɗan da ya fi na yanzu, me ya ke gwadawa da me? A hannu ɗaya yana riƙe da tsabar da shekaru sittin suka sheƙe suka tankaɗe, a ɗaya hannun yana riƙe da damin bana, da ƙaiƙayinsa da tsakuwarsa. Cikin dubban faya-fayan da aka buga a 1959, kaɗan ƙwarai a ke tunawa. Sauran sun tafi, ba wanda ke kawo su gaban shari'a. A shekarun 2022 da 2023 kuwa an ƙiyasta cewa wajen sababbin waƙoƙi 100,000 ke shiga dandalin sauraro na intanet kowace rana. Dole dusa ta yi yawa a idon mai kallo.

Tankaɗen ma ba kullum ya ke adalci ba. What a Wonderful World ta Louis Armstrong, ta 1967, ba ta yi kasuwa a Amurka ba da ta fito, ko da ya ke ta hau kan gaba a Ingila, sai da wani fim ya ɗauko ta bayan shekara ashirin. Running Up That Hill ta Kate Bush, ta 1985, sai a 2022 ta kai matsayi na ɗaya a Ingila, bayan wani wasan talabijin ya sa ta. A gefe guda kuma, gobarar da ta tashi a wani ma'aji a harabar Universal a Los Angeles cikin 2008 ta cinye ɗimbin zaren murya na asali, har da na manyan makaɗan jaz.

Sai kuma shekarun mai sauraro. A 1989 wasu masana biyu na Amurka, Holbrook da Schindler, suka gwada wa mutane waƙoƙin zamuna daban-daban, suka tarar kowa ya fi son waɗanda suka yi tashe lokacin da ya ke wajen shekara 24. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma sau da yawa ƙuruciyarsa ya ke tunawa, waƙar tsani ce kawai. Tarihi ya tabbatar da haka. Jaz da yau a ke koyarwa a jami'o'i, a shekarun 1920 jaridun Amurka sun zarge shi da lalata tarbiyya. Theodor Adorno, masanin falsafa na Jamus, ya rubuta a 1941 cewa waƙoƙin kasuwa na zamaninsa duk a ƙira ɗaya a ke zuba su, yana nufin waɗanda yau a ke kira na zinariya. Armstrong da kansa ya kushe salon bebop da matasa suka fito da shi a shekarun 1940. A Kuba ma masu hannu da shuni sun daɗe suna ƙyamar son, suna ganinsa kiɗan talakawa baƙaƙe.

8. Abin da ya sauya da gaske

Ba za mu ce babu abin da ya sauya ba. A 2012 Joan Serrà da abokan aikinsa a Sifen suka auna ɗaruruwan dubban waƙoƙi na tsakanin 1955 da 2010 da kwamfuta, suka tarar ƙara ta ƙaru, launin amo ya ragu, hanyoyin da kari ke bi sun ƙuntata. Amma a 2015 Matthias Mauch da wasu a Landan suka auna waƙoƙin da suka yi tashe a Amurka daga 1960 zuwa 2010, ba su ga raguwa mai ɗorewa ba, sai juyi uku da suka gani wajen 1964, 1983 da 1991. Sakamako ya danganta ga abin da aka zaɓa a auna. Abin da ba a gardama a kansa shi ne tasirin hanyar biya: Spotify ba ya ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30, don haka masu tsara waƙa su ke gaggauta kawo amshi. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa kiɗan share fage, wanda a tsakiyar shekarun 1980 ya kan wuce daƙiƙa 20 kafin murya ta shigo, ya koma wajen daƙiƙa 5 zuwa 2015. Wannan matsi ne irin na minti ukun garmaho, kuma mun ga cewa matsi ba ya hana gwaninta.

Inda mu ke da damuwa ta gaske shi ne siffa ta uku da muka ambata. Waƙar da aka gina a kwamfuta, aka gyara muryar mai ita da na'urar Auto-Tune wadda ta fito a 1997, daɗinta yana cikin amon da aka haɗa, ƙungiyar biki ba ta iya maimaita shi da hannu. Irin wannan waƙa faifanta kaɗai zai iya ɗorewa. Sai dai a tuna cewa Beatles ma sun bar wasa a gaban jama'a a 1966, suka koma yin abin da ɗakin ɗaukar murya kaɗai ke iya yi, kuma bai hana aikinsu ɗorewa ba.

Bugu da ƙari, sabo a jikin tsoho ya ke tsotso. Amshin Soul Makossa ta Manu Dibango na Kamaru, ta 1972, ya bayyana a waƙar Michael Jackson a 1982, ya sake bayyana a ta Rihanna a 2007. Cardi B ta hau kan gaba a Amurka a 2018 da waƙar da aka gina bisa ta Pete Rodríguez ta 1967. Bad Bunny na Porto Riko, wanda dattawa ke kawowa misalin lalacewar kiɗa, ya fitar da faifai a Janairu na 2025 cike da salsa da plena na kakanninsa, matasa miliyoyi suka bi sawu suna neman asalin abin da suka ji.

9. Kammalawa

Mun ga cewa ƙidayar da a ke kafa hujja da ita ba ta faɗi abin da a ke ɗora mata ba, cewa kiɗan Kuba da jaz suna da siffofi na ainihi da suka taimake su, kuma cewa siffofin nan ba su yi aiki ba sai da aka sami wanda ya adana, da wanda ya sake bugawa, da harshen da ya karɓa. Hukuncin cewa na da ya fi na yanzu bai tabbata ba, domin na yanzu ba a riga an tankaɗe shi ba.

Wannan yana da amfani ga aikinmu ta fuska biyu. Wajen ƙamus da fassara, ya kamata a raba "tsohuwa", "ta gargajiya", "ta yayi" da "mai ɗorewa", a daina musanya su. Wajen adana kuwa, Buena Vista da Baobab sun dawo ne domin akwai zaren da aka ajiye da mutanen da suka rage da rai. A Gine, tsakanin 2008 da 2013, Graeme Counsel, da taimakon babban ɗakin karatu na Ingila, ya kwafe waƙoƙi fiye da 9,000 daga zarurrukan gidan rediyon Konakiri. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura irin na Sahel. Masu bincike sun saba su bi makaɗan fada da na gargajiya, su ƙyale ƙungiyoyin jita na birane da ƴan rap da mawaƙan finafinai, bisa zaton cewa waɗannan yayi ne. Zaton da aka yi wa son ke nan a Habana, shi aka yi wa jaz a Amurka. Abin da ya kamata shi ne a ɗauki kowanne, a rubuta baitocinsa da ingantacciyar ƙa'idar rubutu, a sa sunan mawaƙi da gari da shekara, a bar wa waɗanda za su zo bayan shekara hamsin su zaɓi abin da za su riƙe.